Nasiha Ga Malaman Kusada Da Kankiya Bisa Ga Babin Jini

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci cuta ya halicci magani, ya kuma ba ɗan Adam hankalin da zai nema da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da matansa iyayen muminai, waɗanda manyan maza suka riƙa zuwa ƙofarsu neman sani.

Bayan haka, wannan takarda ce daga 'yan'uwanku na jam'iyya zuwa ga malamai da gardawa da almajirai na ƙasar Kusada da Kankiya, tun daga Yashe da Mawashi da Dudunni har Gidan Mutum Ɗaya, da dukan wanda ta faɗa hannunsa. Wanda ya iya karatu shi karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya karanta a zaure kuwa shi shiga da ita cikin gida, gama maganar da ke cikinta ta mutanen cikin gida ce.

Ku sani, Allah shi yi muku rahama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2023 kaɗai mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Ƙidayar lafiya da gwamnati ta yi a 2018 kuma ta nuna cewa a jihohinmu na arewa maso yamma haihuwar da a ke yi a asibiti ba ta kai 1 cikin 5 ba. Saura duk a ɗaki ne, gaban ungozoma ko uwar miji, ko kuwa mace ita kaɗai da Mahaliccinta. Limamanmu ba su bukatar wannan lissafi, don su ne su ke tsayawa bisa gawa, sun san sau nawa aka kawo musu mace ranar da ya kamata a zo musu da goron suna.

Idan ka tambayi likitoci dalili, sai su ce ilmin lafiya ya yi ƙaranci ga mata. Abin da su ke nufi shi ne mace ta sami labarin da ya shafi jikinta, ta gane shi, sa'an nan ta iya aiki da shi a lokacin da ya kamata. Su kan lissafa abubuwan da ke hana wannan: rashin shiga makarantar boko, da fitar da yarinya daga aji don talla ko aure, da talauci, da zaman ƙauye nesa da asibiti. Duk gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya ba. Amma akwai wani dalili da ba su cika ambata ba, ko don ba su san shi ba, ko don su na jin nauyinku. Shi ne mu ke so mu faɗa, tun da ya ke gyaransa ya na hannunku, ba ya jiran gwamna ko Bature.

Dalilin kuwa shi ne, matan ƙasar nan an koya musu babin jini, amma rabinsa aka koya musu.

Ku duba. Da wuya ka sami yarinya a Kusada wadda ba ta taɓa riƙe allo ba, da yawa kuma sun zauna Islamiyya sun karanta Ahalari da Ishmawi, waɗansu har Iziyya da Risala. Tambayi ɗaya daga cikinsu mafi yawan kwanakin haila ga wadda ta fara, za ta ce maka 15. Tambaye ta wadda ta saba kwana nawa za ta ƙara in jinin ya zarce, za ta ce 3. Tambaye ta jinin biƙi, za ta ce iyakarsa kwana 60 a mazhabar Imamu Malik, in ya ɗauke kafin nan ta yi wanka ta yi salla. Ta san alamar tsarki, ta san abin da za ta rama da abin da ba za ta rama ba. Wannan ilmi ne mai wuya, akwai ƙidaya a ciki da rarrabe launi da kiyaye lokaci, ta kuwa riƙe shi daram. Wadda ta iya wannan, wa zai ce ba ta da kan ɗaukar karatu?

To, sai ka sake tambayarta: jinin da ke zuba bayan haihuwa, wane gwargwado ne in ya wuce shi rai ya na cikin haɗari? Nan sai ta yi shiru. Uwarta ma ba ta sani ba, kishiyarta ba ta sani ba, malamin da ya karantar da ita shi ma galibi bai sani ba. Abin da tsofaffi su kan ce shi ne, bari ya zuba, mugun jini ne ya ke fita.

Ga abin da likitoci suka tabbatar. Jinin da ya kai rabin lita cikin yini da kwanan farko bayan haihuwa ya wuce ƙa'ida. Rabin lita kuwa ba wani abu ne mai yawa ba, cikin ledar ruwan sha guda ce, irin wadda yara ke talla a tasha. Idan mahaifa ta ƙi tsukewa jinin ya ɓalle, mace mai ƙarfi ta kan iya cikawa cikin sa'a 2, tun ba wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba, irin wadda zazzaɓin damina da rashin abinci suka rigaya suka tsotse. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Ta jiƙa zane, a sake mata wani ta jiƙa, jiri ya ɗebe ta, gumi mai sanyi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Haka kuma in mabiyiya ta wuce rabin sa'a ba ta faɗo ba. Wannan duka bai kai babin gafalallu wuyar hardacewa ba.

Wani abin lura, a 2023 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Cikin shugabanninsa akwai 'yar ƙasarmu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano. Abin da suka yi shi ne shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni wadda ke tara jinin, da ya kai alama sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Da wannan, mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ku yi tunani: ma'aikatan da suka yi shekaru su na koyon aikin nan, idonsu ya kan ruɗe su sai da aka ba su ma'auni. Ina ga tsohuwa cikin ɗaki mai duhu, da fitila a hannu, ba wanda ya taɓa gaya mata iyaka?

Akwai wata mas'ala da ta fi wannan bukatar hattara, muna roƙon malamai su saurara da kunnen adalci. A mazhabarmu mai ciki ta kan yi haila, Ahalari ma ya ƙayyade mata kwanaki, bayan wata 3 kaza, bayan wata 6 kaza. Ba mu zo jayayya da wannan hukunci ba, mu ba mu isa ba. Amma hukunci ne na salla da azumi, ya na gaya mata yaushe za ta bari yaushe za ta koma. Bai ce mata lafiyarta lau ba, marubucinsa kuma bai nufi haka ba. Likitoci kuwa sun haɗu a kan cewa duk jinin da mai ciki ta gani alamar haɗari ce, ko ɓari ne ke tafe, ko mabiyiya ta tare hanya, ko ta ɓamɓare tun ɗa bai fito ba. To, matar da aka karantar da ita rabin farko kaɗai, in ta ga jini cikin wata na 7 me za ta yi? Za ta ajiye salla ta zauna ta na ƙidaya kwanaki, zuciyarta kwance, ta na ganin ta bi littafi. Ta kuwa bi shi. Malamin da ya ƙara mata kalma guda, ya ce ajiye salla ki tafi asibiti yau, bai rage kome daga littafin ba.

Haka jijjiga. Mai ciki ta kwana biyu ta na kukan ciwon kai mai tsanani, fuska da hannuwa sun kumbura, gani ya na yi mata dishi-dishi, sai kwatsam ta faɗi ta na karkarwa ta na cizon harshe. Wa a ke fara kira? Malam. A ce iska ce ta taɓa ta, a kawo hayaƙi, a wanke allo. Alhali hawan jini ne na masu ciki, wanda awo ke ganowa tun da wuri da ɗan abin da a ke ɗaura wa a dantse da gwajin fitsari, kuma akwai allurar da ke tsayar da shi. Mu ba mu hana addu'a ba, wane mu. Amma addu'a ba ta da sharaɗin a yi ta a tsakar gida, ta na karɓuwa cikin mota bisa hanyar Kankiya. Malamin da aka kira ga mai jijjiga ya riƙe ta sa'a 3 ya na tofi, shi tanadi amsar da zai bayar.

Doguwar naƙuda kuwa kun san ƙarshenta. Rana ta fito ta faɗi yarinya na durƙushe, kan ɗa ya tokare ƙashi, naman da ke tsakani ya mutu, bayan kwanaki sai fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Wani lokaci kuma aska ce ta jawo, in an ce gishiri ne aka yanka. Ku je Babbar Ruga a bayan birnin Katsina ku gani. Asibitin kutare ne a da, wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya soma ɗinkin yoyon fitsari a can cikin shekarun 1980, ya yi wa dubban mata, yau kuma cibiya ce ta ƙasa don wannan ciwo. Hukuncin alwalar mai yoyo ya na cikin littattafanku, kun iya shi. Abin da zai hana ta yoyon tun farko, watau kada naƙuda ta wuce sa'a 12 a gida, shi ne ba a faɗa a darasi.

In wani ya ce wannan bidi'a ce, magabata ba su haɗa karatun addini da na magani ba, sai mu ce masa koma ka bincika. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, cikin Nurul Albabi ya lissafa barin mata da 'ya'ya mata cikin jahilci a jerin ɓarnar malaman ƙasar Hausa, ya zargi wanda ke tara ɗalibai a waje ya bar iyalinsa a duhu. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ga mulki ga yaƙi, bai ga ƙasƙanci ba ga rubuta littafi kan ciwon basur da wani kan ciwon ido. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ma ta yi talifi kan neman waraka, har ta ambaci abin da ya shafi ciki da haihuwa. Sa'an nan ba ta jira matan ƙauye su zo makaranta ba. Ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su ka riƙa kai karatu ƙauye ƙauye cikin harshen da mata ke ji, abin da a ke kira 'Yan Taru. Ta gane abin da Hausawa ke faɗi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A nan ƙasar Katsina kuma Sarki Muhammadu Dikko ya karɓi makarantar 'yan mata tun 1930, lokacin da mutane da yawa ke ganin abin kunya ne. Saboda haka wanda ya rufe wannan ƙofa kada ya jingina ga magabata.

In kuma wani ya ce, malami ba likita ba ne, in ya shiga abin da bai sani ba zai kashe mutane, sai mu ce wannan magana ce mai nauyi, mun karɓe ta. Ba mu ce malami shi rubuta magani ba. Fatawa ba da sani ba haramun ce a fiƙihu, a likitanci ma haka. Ga misali da zai sa kowa ya yi taka-tsantsan. Cikin shekarun 1970 likitocin Zariya sun ga ciwon zuciya ya yawaita ga masu jego, su ka ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta da kunun kanwa, aka daɗe a na faɗar haka. A 2020 sai Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa su ka fitar da binciken da su ka yi a asibitoci da yawa na ƙasar nan, ba su sami waɗannan al'adu a matsayin dalili ba. Abin da su ka samu ya na tafiya da ciwon shi ne hawan jinin ciki, da rama, da rashin sana'a, da rashin karatu. Ashe likitoci ma su kan sake duba maganarsu. Don haka malami ba zai ƙago ba, ba kuma zai ɗauko daga jita-jita ba. Zai karɓa daga ma'abota fannin kamar yadda ya karɓi Risala daga bakin malaminsa, in sun gyara shi ma shi gyara. Ma'abota fannin kuwa ba su yi nisa ba, ga babban asibiti a Kankiya, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a garin, wadda 'ya'yanku ne ke cikinta.

Amma su ma likitoci da hukuma akwai tasu. Je ka ɗauki kwalin magani a kemis, da wane harshe aka rubuta shi? Turanci. Katin awo, Turanci. Takardar da aka manna a bangon asibiti, in an kyauta ƙwarai, Hausar boko. Matar da ta sauke Alƙur'ani, ta na karanta baƙi da wasali ba gargada, in ta shiga wurin nan sai a rubuta ta cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Tun zamanin Ɗan Hausa da makarantarsa ta Nasarawa a Kano aka ɗora boko bisa aikin hukuma aka ture ajami gefe. Duk da haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma a 1939, sai da ta riƙa fitar da 'yar takarda da ajami don ta isa ga irinku. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire shi daga naira 100. Ba za mu shiga gardamar kuɗi a nan ba, illa dai mu ce rubutun da mata su ka fi kusa da shi, shi ne wanda hukuma ta fi nisa da shi.

Ba rubutu kaɗai ba, har ƙidaya da awo. A rubuta mata ta komo ran 14 ga watan Maris, ita kuwa da watan sama ta ke lissafi, ta san cikinta ya shiga ne bayan Babbar Salla, za ta haihu wajen watan Azumi. A ce ta sha sau 3 a rana, sai ta sha da safe da hantsi da azahar ta gama, alhali nufinsu kowace sa'a 8. Da an ce mata asuba, da azahar, da lokacin kwanciya bayan lisha, da ba ta kuskure ba, gama ba ta taɓa kuskure lokacin salla ba. A ce ta dama gishirin zawo cikin lita guda, ita da ta san moɗa da ludayi da kwano. Ledar ruwa 2 ke nan, mai rabin lita, ba sai an faɗa mata haka ba? Ko maganin zazzaɓin da a ke bi gida gida a na ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 cikin damina: mai rabawa ya na ba da na ranar farko ne, na kwana 2 da su ka rage uwa ce za ta bayar. In ba ta gane ba sai ta ajiye shi sai yaro ya yi zafi, aikin ya tashi a banza.

Wani zai ce, ai iya karatun Alƙur'ani daban, iya karanta Hausa da ajami daban. Gaskiya ne. Akwai haruffan da Larabci ba shi da su, sai an ƙara ɗigo, kuma ta allo ta saba da rubutun Warshu, ta Islamiyya ta saba da na Hafsu. Amma tazarar da ke tsakanin mai sauka da ajami 'yar kaɗan ce, gardi mai haƙuri ya kan ƙetarar da almajiri cikin makonni. Tsakaninta da Turancin kwalin magani kuwa shekaru ne, waɗanda matar aure mai 'ya'ya 5 ba ta da su. Yaranmu mata su shiga boko su zauna har su gama, wannan tilas ne, daga cikinsu ne za a sami ungozomar asibiti da likita mace da kowa ke cewa ya fi so ta duba iyalinsa. Amma uwayensu da ke da ciki bana fa?

Sa'an nan ga maganar izini. Sani ba ya amfanar wadda ba ta da ikon fita. Da kaka ta wuce maza da yawa sun tafi ci-rani, Kano ko Abuja ko Ikko, a bar mace da tsohon ciki. Naƙuda ta zo da gardama cikin dare, a kira waya ba ta shiga, ƙanen miji shi ce ba shi da iko, uwar miji ta ce mu da mu ka haifi 10 a ɗaki me ya same mu. Yarinya mai cikin fari kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce uffan ba, an horar da ita tun ta na ƙarama cewa jarumta ita ce yin shiru. Wannan ƙulli malamai ne kaɗai ke iya kwance shi, gama da sunan addini aka ɗaure shi. Kun sani sarai tsare rai ya na cikin abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, larura kuma ta na da hukuncinta. Ku faɗa a bisa mumbari, ba a zaure kaɗai ba. An ma taɓa gwada dabara a nan: daga 2008 wani shiri da Ingila da Norwe su ka ba da kuɗinsa ya yi aiki a Katsina da Zamfara da Yobe da Jigawa, inda a ke sa miji ya ba da izini tun kafin ranar, a yi asusun unguwa, a shirya da ƙungiyar direbobi wanda za a tasa ko da tsakar dare, a kuma san masu ba da jini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin Ingila, liman da mai unguwa sun isa. Mai tafiya ci-rani shi furta izininsa gaban uwarsa da maƙwabci kafin ya ɗauki jaka.

Ma'aikatan asibiti kuma, Allah shi saka wa masu haƙurinsu, amma waɗansu su ji tsoron Allah. Mace ta yi tafiyar sa'a guda, ta yi tambaya, a daka mata tsawa gaban jama'a a ce baƙauya. Ba za ta sake tambaya ba, watakila ba za ta sake zuwa ba, za ta kuma gaya wa matan gidansu duka.

Inda malami ya yi shiru likita ya yi tsawa, wani ne ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri. Ga mai magani da lasifika ranar kasuwa, kwalba guda ta na maganin sanyi da shawara da basur da rashin haihuwa. Ga muryoyin da ke yawo cikin wayar hannu, ba a san mai su ba. Su dai da Hausa su ke magana, ba su tsawa, su kan kuma fara da sallama da salati. Don me mace ba za ta gaskata su ba? Ku tuna 2003, sa'ad da aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda. Tsoron mutane ya na da tushe, gama ba su manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma cutar ta bazu har waɗansu ƙasashe, yara su ka shanye. Da sarakuna da malamai su ka sa baki daga baya, ƙofofi su ka buɗe, har a 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita. Maganarku ta rufe gidaje, maganarku ta buɗe su. Kada wani malami shi ce muryarsa ba ta kai cikin ɗaki.

Abin da jam'iyya ke roƙo ba babba ba ne. Duk mai karantar da mata ko 'yan mata, in ya iso babin haila da biƙi, kada shi wuce sai ya tsaya yini guda ya gayyato ma'aikaciyar lafiya mace, ta zauna da su ba namiji a wurin, su tambaye ta abin da ba su iya tambayarsa. Malaman da matansu ke da karatu su sake su su zama jajin unguwa, su shiga gidan suna da gidan biki, inda mata ke taruwa da ma. Masu karantar da maza kuma, in sun zo babin azumi su gaya musu cewa mai ciki da mai shayarwa in sun ji tsoro an yi musu rangwame, gama da yawa su na azumi cikin wahala don kunyar miji. In sun zo babin ciyarwa su sa kuɗin awo a ciki.

Mu kuma a namu gefen mun ɗauki nauyin rubuta alamomin haɗari na ciki da naƙuda da jego a warƙa guda da ajami, da manyan baƙaƙe da wasali cikakke, za mu kai wa ma'aikatan lafiya su duba su gyara kafin a buga, don kada mu faɗi abin da ba shi ne ba. Sai dai sunayen cututtuka sun sha bamban, abin da matan Mawashi ke kira da wani suna watakila na Kankiya su na da wani. Don haka muna roƙon kowane almajiri da ya karanta wannan shi tambayi uwarsa ko kakarsa yadda su ke kiran jijjiga da mabiyiya da ruwan nonon farko da jinin da ya ƙi tsayawa, shi rubuta yadda ta faɗa ba tare da ya gyara mata ba, shi ba wanda ya kawo masa takardar nan kafin fitowa ta gaba.

Haza wassalam.